Rijiyar Tudu da Abin da Bature Ya Faɗa

Ku 'ya'yana da jikokina, kun tashi kun tarar ana cewa wani Bature ne ya kashe yayana Habu da ƙarya. Haka Inna take faɗa har ta koma ga Allah, haka matan garinmu suke gaya wa yara idan sun bi ta gefen tudun nan da ba a nomawa. Ni kuma na yi shekara da shekaru ina ji, ina kaɗa kai kamar mai gaskatawa. Yanzu idona ya fara dushewa, tsarana sun ƙare, cikin waɗanda suka tsaya a wurin babu wanda ya rage sai ni. In ban rubuta ba ƙaryar za ta zauna daram, kuma ba Bature ne ya yi ta ba.

Sai kun san halin gidanmu za ku gane yadda abin ya faru. Garinmu Dogon Gawo ƙaramin gari ne tsakanin Tarka da Belbeji, gero muke nomawa da 'yar gyaɗa, Baba kuma shi ne maigari. A gidanmu namiji ba ya cewa bai sani ba. Ba mu kaɗai ba ne, duk ƙasar haka take, sai dai Baba ya fi kowa riƙo da abin. Baƙo zai tsaya da raƙuminsa ya tambaye ka hanyar wani gari da ba ka taɓa jin sunansa ba, kunya ce ka sallame shi haka nan. Sai ka nuna masa gabas ka ce nan kusa ne. A wurinmu wannan karamci ne, kamar ba shi ruwan sha. Malamanmu kan ce Allah ne masani, amma sai bayan sun gama ba da amsa. Ina ƙarami Baba ya taɓa tambayata inda akuyarmu ta shiga, na ce ban sani ba. Ya murɗe mini kunne har sai da na ga taurari da rana, ya ce wannan maganar rago ce, namiji ko bai gani ba yana da zato. Daga ranar na daina.

Da na zama saurayi na bi 'yan cin rani zuwa Kano, na ce wata huɗu zan yi, na yi shekara shida. Na yi dako a siton gyaɗa, daga baya na zama masinja a ofishin wani Bature, a nan na tsinci Ingilishi, wanda bai kai a yi alfahari da shi ba amma na yi. Na dawo gida da wandon kaki da tabarau da baki cike da labarin jirgin ƙasa. Samari suka zagaye ni, Baba kuwa ya dube ni sau ɗaya ya ce an gode Allah, ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Shekara shida ban kama masa hauya ba, bai manta ba. Wanda ya riƙe gida shi ne Yaya Habu, ɗan fari, mutum mai sanyin magana da kaurin hannu, wanda ya koyi ginan rijiya a wurin wani tsohon Babarbare. Da yake ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wancan" ko "babban". Amma duk abin da zai yi sai ya ji ta bakin babban, ni kuwa ko shawarar inda za a ɗaure jaki ba a yi da ni. Abin yana cina ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A shekara ta biyar da samun mulkin kai tsohuwar rijiyarmu ta fara ba da laka. Mata suka koma tafiya kwarin Tarka da jakuna, su fita da safe su dawo rana ta take, tulu biyu ga gida guda. Kowa ya yarda sai an gina sabuwa, inda aka rabu shi ne wurin. Yaya Habu ya ce a gina a kwari, ƙasar can laka ce mai riƙo, ruwa bai da nisa. Baba ya ce a'a, kwari ba namu ba ne mu kaɗai, makiyaya suna sauka, garin gaba ma suna cewa nasu ne, kuma matanmu za su ci gaba da wahalar tafiya. Shi a tudun bayan gari yake so, inda mace za ta ɗora tukunya a wuta ta je ta ɗebo ta dawo. Wannan ne karo na farko da na ga Baba da babban ɗansa sun saɓa. Suna cikin haka sai saƙo ya zo daga ofishin kumandan, mai mulkin yankinmu, a Tanut cewa akwai wani Bature mai aikin rijiyoyin siminti yana zagaya garuruwa. Baba ya ce to, a bari ya zo ya raba gardama.

Bayan an gama ɗaurin gero ya iso. Ba'amirke ne, saurayi dogo, bai fi ni shekaru ba, wuyansa ya yi ja don rana. Muka sa masa suna Dauda saboda sunansa ya yi kama da haka. Faransancinsa ma na lallaɓawa ne, Hausa kuwa sai sannu da na gode. Da na yi masa magana da Ingilishi ya riƙe hannuna ya ƙi saki don murna. Nan take na zama tafinta. Aka shimfiɗa mini tabarma kusa da ta Baba, ni da ban taɓa wuce bakin zaure ba idan manya suna zaune. Kwana uku ya yi a garinmu, kuma a kwana ukun nan na gane yaron yana da wani aibu da ban san yadda zan yi da shi ba. Bai jin kunyar cewa bai sani ba ko kaɗan. Har iri-iri yake da su. Idan abin ya shige masa duhu gaba ɗaya sai ya buɗe tafin hannunsa ya ce "Ai don no." Idan yana da ɗan zato amma bai yarda da shi ba sai ya karkata kai ya ce "Am not shuwa." Akwai wadda yake faɗa yana dariya, "Ai hab no aidiya," wato ko inda za a fara bai gani ba. Akwai kuma wata doguwa da ma'anarta ita ce a ba shi lokaci ya je ya bincika. A Kano ban taɓa jin mai gidana ya faɗi ko ɗaya ba, don shi ba a tambayarsa, umarni yake bayarwa. Wannan kuwa kamar yana raba goro. Liman ya tambaye shi ko ƙasarsu ta fi Makka nisa, tsofaffi suka tambaye shi ko damina mai zuwa za ta yi kyau, duk amsarsa ɗaya ce. Ni kuma sai in gyara masa. In ce ya ce ta fi nisa kaɗan, in ce ya ce za a yi ruwa da yardar Allah. A raina taimakonsa nake yi, ina rufa wa baƙo asiri. Gaskiyar ita ce idan aka gane Bature bai san kome ba, tafintansa ma ya tashi daga kan tabarma.

Rana ta uku da hantsi duk mazan gari suka hau tudu. Dauda ya zagaya, ya tona ƙasa da ɗan ƙarfensa, ya murza ta a yatsa, ya daɗe yana kallon kwari daga nesa. Sai Baba ya gyara rawaninsa ya ce da ni:

"Isuhu, tambaye shi. Akwai ruwa a nan, ƙasar kuma za ta riƙe?"

Sau na farko ke nan tun dawowata da Baba ya sa ni wani aiki a gaban jama'a. Na juya na tambaya. Dauda ya yi magana mai tsawo, kuma har yau ina iya maimaita ta. Ya ce bai sani ba. Ya ce bai tabbata akwai ruwa ba, kuma rairayin wurin bai kwanta masa a rai ba. Ya ce zai je Damagaram ya duba takardun ƙasa, ya dawo da abin gwaji da siminti nan da wata biyu, kada kowa ya sa dagi a wurin sai ya dawo. Na dubi Baba, na ga yana jirana, idonsa a kaina ba a kan babban ba. Na ce:

"Ya ce akwai ruwa, Baba, sai dai da ɗan nisa. Ya ce wurin ya yi."

Mutane suka yi kabbara. Dauda ya ɗauka sun yarda da shawararsa ne, ya yi murmushi yana ɗaga hannu. Baba ya dafa kafaɗata muna saukowa, abin da bai yi ba tun ina yaro. Yaya Habu ne kawai ya tsaya baya, da muka keɓe ya ce mini maganar Bature ta yi tsawo, tawa ta yi gajarta. Na yi dariya na ce haka Ingilishi yake, sai an yi ta zagaye kafin a faɗi abu ɗaya. Ya ce to, ai ni ne na yi zaman Kano, ba shi ba.

Dauda ya tafi, na ce wa Baba siminti ya je kawowa, wata biyu suka wuce bai dawo ba. Daga baya muka ji ciwon shawara ne ya kwantar da shi a Damagaram. Baba ya ce tunda Bature ya riga ya faɗi magana, zaman me ake yi, rani yana tafiya. Aka yanka tunkiya, aka yi addu'a, Yaya Habu ya sa dagin farko. Ni ina wurin, ina cikin masu jan igiya. Kullum nakan ce wa kaina ai wataƙila akwai ruwan, ai Dauda bai ce babu ba, ai gobe zai iso ya gyara kome. Aikin yana tafiya a hankali. Yaya ya shiga da safe, mu jawo ƙasa da wasaki, a ɗaure bangon da itace da ciyawa kamar yadda aka saba. Har gaba goma sha biyar ƙasa ja ce mai ƙarfi, kowa yana yaba Bature. A gaba goma sha takwas Yaya ya fito da wani farin rairayi a hannunsa, ya buɗe yatsunsa a gaban Baba, rairayin ya zube duka kamar gari. Ya ce irin wannan ba ya riƙe itace, tsohon da ya koya masa aiki yakan bar rijiya idan ya tarar da shi. Baba ya ce tsohon nan bai da takardun ƙasa, Bature yana da su. Ya ce ko babban ya fara tsoro ne. Yaya ya koma cikin ramin, domin a gidanmu tsoro ma ba a faɗarsa.

Matarsa Hajara tana da ciki wata shida a lokacin. Akwai wasa tsakaninmu, ita ce ta sa mini suna Ɗan Kano, kullum tana tsokanata cewa tabarau ne ya hana ni ganin hauya. Ranar da aka fito da rairayin nan ta tare ni da azahar a bayan rumbu, ba dariya a fuskarta. Ta ce yayana ya daina cin tuwo, yana zama shiru yana kallon hannunsa. Sannan ta ce:

"Ɗan Kano, don Allah ka gaya mini. Da kunnenka ka ji Baturen nan ya ce ƙasar za ta riƙe?"

Babu Baba a wurin, babu jama'a, babu tabarma. Mace ɗaya ce mai ciki tana tambayata. Da na faɗa mata da ta san yadda za ta hana shi, Hajara ba ta da tsoron kowa. Amma na riga na yi wata huɗu ina cin girman maganar nan, na ga idan na janye ta yanzu ba ni da sauran fuska a garin. Na ce mata da kunnena na ji, ta kwantar da hankalinta. Ta ce to alhamdu lillahi, ta koma ta ɗauki taɓaryarta. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi cina, ta fi ta kan tudu.

Kwana biyu bayan nan, da safe, Yaya yana ɗaura igiya a ƙugunsa, ya dube ni kamar zai yi magana, sai kawai ya ce in riƙe da kyau. Muka zura shi. Wasaki ya fito sau huɗu. A na biyar muka ji wani sauti can ƙasa, ba mai ƙarfi ba, kamar an zazzage buhu, sai ƙura ta taso daga bakin rijiyar, igiya ta yi tauri a hannunmu. Muka ja mu takwas, ba ta motsa ba. Baba ya zo da gudu, rawaninsa ya warware, ya kwanta rub da ciki a bakin ramin. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni.

"Habu. Habu. Abubakar, amsa mini."

Ya yi ta kiran sunan har muryarsa ta dushe. Kwana uku ana ƙoƙari, duk wanda aka zura ya kwashe wasaki ɗaya sai biyu su zubo, har rairayin ya kusa binne mutum na biyu. Liman ya ce a bari haka, Allah ya riga ya zaɓa masa makwanci. Muka yi sahu a kan tudu muka yi masa salla, aka yanke igiyar, aka cike ramin. Ban taɓa ganin fuskar yayana ba bayan safiyar nan. Inna ta fito tsakar gida ta ɗaga hannu ta ce Allah ya isa tsakaninta da Baturen da ya ce akwai ruwa, gari duka ya ce amin. Ni ma bakina ya motsa.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki sai ga kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofar gari, cike da siminti da ƙarafa. Dauda ya sauko, ya rame, yana murna, yana gaisuwa da Hausa, don a kwanciyar da ya yi ya koyi da yawa. Babu wanda ya amsa. Na gaya masa abin da ya faru a gajarce, ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Aka taru a ƙofar zaure. Baba ya ce in tambaye shi don me ya ce akwai ruwa, don me ya ce wurin ya yi. Na juya na ce masa da Ingilishi wai Baba yana tambaya me ya sa ya daɗe bai dawo ba. Kun gani, har a ranar ban daina ba. Amma kunnen Dauda ya riga ya buɗe, ya kama maganar Baba da kansa. Ya miƙe, bai bi ta kaina ba, ya ce da tasa karyayyar Hausa:

"Baba, ni ban ce ba. Na ce ban sani ba. Na ce a jira ni."

Jama'a suka ɗauki hayaniya, wai ga shi yanzu zai musa, wasu samari har sun fara tsintar duwatsu. Baba ya juyo ya dube ni. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, na dai san na kasa ɗaga kaina, kuma na san ya gane. Shi ya koya mini, ya san aikin hannunsa. Ɗa ɗaya yana ƙarƙashin tudu, ɗaya yana gabansa, idan ya buɗe baki a nan garin ba zai sake zaunuwa gare ni ba. Sai ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce kada wanda ya taɓa baƙo, amma ya kwashe simintinsa ya tafi, ba mu so. Na raka Dauda bakin mota don babu mai yi. Bai tona ni ba, ko da yake ya iya Hausar da za ta ishe shi. Da zai hau ya tambaye ni a hankali, da harshensu, me ya sa na yi haka. Na ce masa "Ai don no." Karo na farko ke nan da maganar ta fita daga bakina tun ina yaro, kuma ko a nan ƙarya na yi, domin na san dalili sarai.

Simintin nan garin gaba aka kai shi, aka yi musu rijiya a kwari, a gaba goma sha ɗaya suka sami ruwa. Matanmu suka yi shekara bakwai suna zuwa can suna jiran layi a bayan matan wasu. Baba ya yi shekara tara a duniya bayan haka. Bai zage ni ba, bai kore ni ba, bai gaya wa Inna ba. Abu ɗaya ya yi: bai sake yi mini tambaya ba. Idan na gaishe shi zai amsa lafiya, ba zai ce ina gajiya ba. Idan na dawo daga kasuwar Belbeji sai ya aika a tambayi wani yadda kasuwa ta ci, ina zaune a gabansa. Ranar da zai rasu ina riƙe da kansa, ya so ya san ko la'asar ta yi, ya juya ya tambayi maƙwabci. Na yi kuka a ranar, ba don mutuwar kaɗai ba.

Hajara ta haifi namiji wata uku bayan rasuwar Yaya, aka sa masa Audi. Da ta yi aure a Falanko ta bar mini shi, ni na yaye shi, ni na yi masa kaciya, ni na yi masa aure, kuma ku duka kun tashi kuna ce masa Yaya ba ku san bambanci ba. Ta rasu tana gode mini. Duk lokacin da ta zo ganinsa sai ta ce Ɗan Kano ya riƙe amana.

Audi, da kai nake yanzu. Kai ma ka yi furfura, kana da jikoki. Tun kana ƙarami kake tofar da yawu idan an ambaci Baturen nan, ka hana ɗanka karatun Ingilishi a lakwal, makarantar boko, saboda shi, ni ina kallo ban ce uffan ba. Mutumin nan bai yi wa ubanka kome ba. Ya faɗi gaskiya a kan tudu, ni na karɓe ta na ɓoye, uwarka ta zo ta roƙe ni ita na hana ta. Na sha shirya bakina in gaya maka, sai ka shigo ka durƙusa ka ce Baba ina kwana, in kasa. Shi ya sa na ce a fara kai maka wannan rubutun kafin kowa ya gani. Ba na neman ka yafe, wannan naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi. Amma kada ka yi mini shiru irin na kakanka, ba ni da shekara tara da zan ba ka. Kada ka aiko kowa. Ka zo da kanka, ka zauna, ka tambaye ni.